Igiyar da ke Ƙarshen Sarƙa

Laurel, Maryland
Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ƙawarki Rahila da za ta raka ki. Mu nan gida lafiya lau. Mamanki na gaishe ki, ko da yake yau kaɗai sau uku na ji kuna waya, gaisuwarta ba ta buƙatar ɗan aike.

Da gangan na rubuta da Hausa. Turancina na wurin aiki ne, ya iya cewa a miƙo guduma, amma bai iya abin da nake so in faɗa miki ba. Ki karanta a hankali yadda Mamanki ta koya miki, inda ya shige miki duhu ki kira ta.

Ranar Asabar za ki kwance ɗan jirgin ruwanki mai tafiya da iska daga Annapolis, ki gangara kudu zuwa Charleston inda kika sami aikin jinya, ki mai da jirgin ɗakin kwananki. Wata uku ke nan da kika faɗa mana haka a falo, na ce miki ba da yawuna ba, na tashi na shige gareji. Tun daga ranar, ban da ina kwana da lafiya lau babu abin da ya haɗa mu. Kwatsam wata safiya na tarar da takarda a kan bencin aikina, an zana goshin jirginki da awonsa, an nuna inda ake son ma'ajiyar anka, wato ƙarfen nan mai sarƙa da ake jefawa ƙasan ruwa don tsai da jirgi, an ɗora mukullin jirgi a kai. Babu gaisuwa, babu sa hannu. Na gane rubutun, na kuma gane halin, domin nawa ne kika ɗauko. Sati biyar ina zuwa in yi aiki a lokacin da na san kina asibiti, jiya na ɗaure noti na ƙarshe. Ba na so ki tashi alhali maganar da ke tsakaninmu ita ce waccan ta falo. Sai dai ban iya tunkarar magana kai tsaye ba, ta wajen ƙarfe zan biyo, ki yi haƙuri da ni.

Kin san a Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi walda, shekara goma sha biyu ina ƙera ƙofofin gidaje da ƙarafan taga. A can aiki mai kyau shi ne wanda ɓarawo zai duba ya juya. Babu kafa, babu rami, abin da ka haɗa ya haɗu har jikoki. Da wannan kan na zo ƙasar nan, da shi kuma na shiga wurin gyaran jirage na Tsoho Bil, Baturen nan da ya ɗauke ni aiki kina 'yar shekara shida. Hannuna ya burge shi tun ranar farko. Kaina ne ya ɗauki shekaru bai gyaru ba, kuma duk kuskuren da zan ba ki labari daga nan ya fito.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai ma'ajiyar anka ce a goshin jirgin wani likitan haƙori. Na zuba duk iyawata. Na yanka ƙarfen da ba ya tsatsa, na haɗa, na goge har ina ganin fuskata. Don in tabbatar, na cika akwatin da ruwa na bar shi ya kwana, ko ɗigo bai fita ba. Ranar har tafiyata ta canza. Da zafi ya wuce mai jirgi ya dawo yana toshe hanci. Kin san lakar tekun Chesapeake, baƙa ce mai ɗoyi. Duk lokacin da ya jawo anka, sarƙa na shigowa da laka da ruwan gishiri, ni kuwa na yi musu gidan da ba su da hanyar fita. Sarƙar ta cure wuri guda, tsatsa ta cinye ta. Tsoho Bil ya leƙa, ya ɗauko injin huji ya fasa rami a gindin akwatina, ina tsaye ina kallo. Ji na yi kamar cinyata yake hudawa. Da ya gama ya ce, "Habu, a jirgi ba a hana ruwa shiga. Hanyar fita ake yi masa."

To naki akwatin ramuka biyu gare shi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, don duk ɓangaren da jirgi ya kwanta ruwa ya sami mafita. Na shimfiɗa raga a ƙasa don sarƙa kada ta kwana cikin jiƙa. Laka na toshe ramukan, saboda haka na rataye miki 'yar waya a jikin murfi, ki riƙa sokawa duk sati. Ki kuma wanke sarƙa da bokiti tun tana hawowa, kada ki bari sai ta shiga ciki. Kuma tunda aikin da za ki je na jinya ne, za ki riƙa komowa jirgi da abubuwan da idonki ya gani a asibiti. Kada ki rufe su a ciki ki yi shiru, irin nawa. Ki kira uwarki ki faɗa mata, ko da rabin maganar da Turanci ne, tana ganewa fiye da yadda take nunawa.

Kuskure na biyu kin sha jin labarinsa a bakin mutane, amma ba ki taɓa jin sa daga bakina ba. Bayan 'yan shekaru Tsoho Bil ya ba ni wani tsohon jirgi da mai shi ya watsar a bayan fili, ya ce in na iya tashinsa nawa ne. Na tashe shi. Na yi masa ma'ajiyar anka mai ramuka, na yi masa murfi mai kyau, sannan na dubi ankar nan sabuwa fil na ce wannan ai ba a bar ta haka ba. Na sayo kwaɗo babba irin na shago na datse murfin. Mukullin kuma na haɗa shi da na gida.

Fitarmu ta farko na gayyaci Alhaji Mamudu, mutumin Kumasi ɗin nan mai shago a Landover da muke sallar Juma'a tare. Ya zo da babbar riga da hula, kai ka ce ɗaurin aure za shi. Mukullan gida kuwa na bar wa Mamanki, domin ta ce ita ba za ta hau abin da ba shi da birki ba, za ta jira mu a mota. Muna fita bakin mashiga inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Iska babu, ruwa na janye mu zuwa gefe. Abin da ake yi a nan kowa ya sani, a saki anka a tsaya a duba inji. Na ruga goshin jirgi, na tarar da kwaɗona yana kallona. Na laluba aljihu, na tuna inda mukulli yake. Haka muka tafi a hankali muka kafe cikin laka, muka zauna awa huɗu muna jiran ruwan teku da ya janye ya dawo, masu wucewa suna ɗaga mana hannu. Alhaji ya tattare rigarsa ya ce, "Malam Habu, don Allah in tambaye ka. A tsakiyar ruwan nan, wane ɓarawo ne ka ke tsoro?" Har yau in muka haɗu a masallaci sai ya tambaye ni ko na zo da mukulli.

Saboda haka babu kwaɗo a naki. Ankar tana kwance a waje, a kan rola da na ɗora a goshin jirgi, wato 'yar tayar nan da sarƙa ke bi ta kanta. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita, na ɗaure ƙusar da zare don kada ta faɗa ruwa. Da hannu ɗaya za ki zare ta, ankar ta sauka da kanta. Na gwada da hannun hagu, na gwada da safar hannu a jiƙe, na gwada idona a rufe. Sarƙar kuma na shafa mata fenti, ja a gaba biyar, fari a gaba goma, rawaya a goma sha biyar, don ki san yawan abin da kika saki ba sai kin yi cinta ba. Da gabanki na auna, wato tsawon hannuwanki biyu a buɗe, ba da nawa ba, Mamanki ce ta ba ni awon daga wata rigarki. Kafin ku yi nisa, ki sa Rahila ta saki ankar ta jawo ta sau uku da hannunta a ranar da ruwa ke kwance. Ranar da za a buƙace ta da gaske, mai yiwuwa ke kina riƙe da sitiyari. Abin da zai cece ki kada ki ajiye shi inda sai an nemi izini, kuma kada ki zama ke kaɗai kika san yadda ake taɓa shi.

Na ɗora miki abin naɗe sarƙa na hannu a bayan rolar, ban sa mai lantarki ba, domin batir kan mutu a ranar da ba a so. Hannunsa na cikin aljihun fata a gefen murfi. In anka ta ƙi tasowa kada ki yi kokawa da ita da bayanki. Ki ja sarƙa ta miƙe, ki maƙale ta a ƙugiyar da na yi, ki bar jirgi ya yi ta hawa da sauka, nauyinsa zai tumɓuke ta. Ni da ƙarfin tsiya na riƙa yi, shi ya sa yanzu nake sallah a kan kujera duk lokacin sanyi. Yatsunki kuma su yi nesa da rola in sarƙa na gudu.

Na rubuta yatsu, alƙalamina ya tsaya. Na kai ga abin da ya sa na ɗauki takardar.

Kina 'yar shekara goma sha biyar, ranar wata Lahadi cikin zafi, muka fita mu biyu. Muka saki anka a bakin wani rafi muka ci shinkafa da wake da Mamanki ta ɗaure mana. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga yamma, irin mai zuwa da sauri ɗin nan. Na ce mu tashi. Na ja sarƙa ta ƙi, ankar ta maƙale a ƙarƙashin wani abu a ƙasan ruwa, har yau ban san ko mene ne ba. Iska ta sauko. Can sama da mu wani babban jirgi mai inji, babu kowa a cikinsa, ya tumɓuke ankarsa ya taho kanmu gadan-gadan. Kin tuna abin da kika ce da ni, da Turanci kika faɗa: "Baba, sake ta gaba ɗaya, mu bar ta." Daidai kika faɗa. Na saki sarƙa ta yi ta gudu har ta ƙare, sai ta tsaya cak. Jirgi ya girgiza, muka tsaya a inda muke. Na ɗauko zarto na hau gogawa, ƙarfen ko gezau bai yi ba, domin mai kyau na zaɓa. Jirgin can ya iso. Kika miƙa hannu don ki tare shi, hannunki na hagu ya shiga tsakanin jirage biyu.

Abin da ba ki sani ba shi ne wannan. Ƙarshen sarƙar nan ni na yi masa walda a jikin wani zoben ƙarfe, a can cikin ma'ajiya. Kuma wata biyu kafin ranar Tsoho Bil ya gani. Ya ce, "Habu, yanke wannan. Ƙarshen sarƙa da igiya ake ɗaure shi, doguwa wadda za ta fito har waje, don ranar da ka rasa yadda za ka yi ka sa wuƙa." Na ce masa to. Ina juya baya na ce a raina, wane mai hankali ne zai cire ƙarfe ya sa igiya? Shekarata nawa ina haɗa abin da ba ya rabuwa, yau tsoho zai koya mini ɗaurin akuya? Ban yanke ba. An gaya mini, na ji, na ƙi.

A asibiti, da aka gama ɗaure miki hannu, kika dube ni kika ce in yi haƙuri, laifinki ne da kika miƙa hannu. Ni kuma na ce miki sannu, na fita na tsaya a baranda. Ke 'yar fari ce, a gidanmu kuma uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya rungumarsa, ba ya zama ya yi hira da shi a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi da ni, kuma na san yana sona, domin duk unguwa haka ake yi. Ke kuwa a Laurel kika tashi, inda uban kowa ke kiran sunan 'yarsa daga bakin filin ƙwallo. Kina ji ina kiran ƙannenki da sunayensu, ke kuma sai "ke" ko "yarinyar nan". Ban taɓa zama na bayyana miki ba. Ranar asibitin kuwa ba kunyar 'yar fari ce ta fitar da ni baranda ba, ko da yake da ita na fake. Tsoro ne ya hana ni in ce miki laifina ne. Na bar ki kika ɗauki kayan da ba naki ba, kina ɗauke da shi shekara goma sha ɗaya, yatsunki biyu kuma har yau ba sa lanƙwasawa sosai. Duk lokacin da kika miƙo mini kofin shayi ina gani.

Abin da na yi bayan haka ma wani kuskuren ne. Na sayar da jirgin, na ce babu ke babu ruwa. Na ɗauka in na datse ƙofa shi ke nan. Kika bi ta bayan gida kika shiga ƙungiyar masu tuƙin jirgi a jami'a, kika koya a hannun wasu abin da ya kamata ki koya a hannuna. Mamanki ta sani tun farko. Ta ce da ni wata rana tana yanka albasa, "Malam, yarinyar nan ba ruwan ne ya ji mata ciwo ba, kai ma ka sani." Sai na shige gareji. Kin ga garejin nan ya sha ɓoye ni.

To ga shawarata a nan, ita ce babba cikin takardar. In wanda ya riga ki sanin abu ya gaya miki magana, kada ki ce to da baki alhali zuciyarki ta ce a'a. Ki yi musu a fili, ya fi. In kuma kika yi kuskuren da ya taɓa wani, a wurin aiki ko a gida, ki faɗa a ranar, tun bakinki na iya furtawa. Kwana ɗaya in ya wuce sai ya yi nauyi, shekara in ta wuce sai ki ga kin gina rayuwarki a kewayensa. Ki yafe mini, 'yata. Laifin nawa ne tun daga farkonsa, ke ba ki yi komai ba sai ƙoƙarin kare jirgin ubanki.

Yanzu ki buɗe murfin ma'ajiyar ki zaro sarƙar duka har ƙarshe, ina so ki gani da idonki. Babu walda. Igiya ce fara, gaba biyu, na ɗaure ta a zobe da ƙulli mai kyau. Tana da ƙarfin da za ta riƙe sarƙa kada ta tsere miki bisa kuskure, tana kuma da tsawon da za ta fito ta kan rola har gabanki. A cikin murfin, ta hannun dama, akwai wuƙa cikin kube. Ni na ƙera ta, na wasa ta, na gwada ta a kan guntun igiyar, shafa ɗaya ta raba. Kada ki yanka albasa da ita, kada ki ara wa kowa. Kusa da ita na ɗaure jarkar man gyaɗa fanko mai ɗan zare. In ranar ta zo, Allah Ya sa kada ta zo, ki ƙulla jarkar a sarƙa, ki yanke igiyar, ki tafi abinki. Jarkar za ta yi ta yawo a saman ruwa tana nuna wurin. In hadari ya wuce ki dawo ki ɗauki ankarki, in kuma ba ta ɗauku ba, ki bar ta. Kada ki tsaya jin tausayin aikin hannuna, ina da ƙarfe a gareji, zan ƙera miki wata.

Ba zan ɓoye miki ba, da na zo ɗaura igiyar nan sai da na yi kokawa da zuciyata. Injin walda na kusa da ni, raina na ce mini ɗigo biyu kawai. Na daɗe zaune a goshin jirginki kafin in yi ƙullin. Har yanzu tsoro nake ji, kuma ranar Asabar ma zan ji. Mutanen masallaci za su yi magana, wasu sun riga sun fara, wai ɗiya mace a jirgi. Wannan ki bar mini su, na san abin da zan ce musu. Na ga yadda kika gyara jirgin nan, na duba kowane ƙulli da kika yi ina neman abin da zan kushe, ban samu ba.

Ki riƙe sallarki, akwai abin duba alƙibla a wayarki, jirgi ko ya juya Allah Ya san niyyarki. Ki duba yanayin sama kafin ki kwance kowace safiya, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki ƙara kwana, aikin ba zai gudu ba. Ki kula da Rahila, iyayenta a Jos sun ba mu amanarta kamar yadda muka ba su taki. Duk inda kuka tsaya ki turo wa Mamanki saƙo. In kin ga dama ki turo mini ni ma, na iya buɗewa yanzu.

Maganar da na faɗa a falo na janye ta. Ki tafi da yawuna, da yardata, da albarkata. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kwantar miki da ruwa, Ya ba ki iska mai sauƙi, Ya haɗa ki da mutanen kirki a duk gaɓar da kika sauka. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiyar da za ki riƙe. Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya.

Ranar Asabar zan zo bakin ruwa, ni zan kwance miki igiyar gaɓa in jefa miki. In kin ji wani tsoho yana kira daga kan gadar da ake ɗaure jirage, kada ki tsaya waige-waigen ko da wa yake. Shekara ashirin da shida ban kira ba, muryar za ta iya fita a karkace.

Allah Ya yi miki albarka, Hauwa'u.

Wassalam,
Babanki,
Habu mai walda